Kati Na Ɗari Biyu Da Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare, ni kaɗai a ofishin sashe,
ni da almakashi da tulin katunan suna.
Ruwan Kandy na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Ɗari biyu da goma, na ƙirga sau uku,
kowane kati da igiyarsa shuɗiya,
kowane da mai shi, wanda zai ɗaure fuska
in na ci masa harafi ɗaya.

Wata takwas muna wannan fama.
Kwamiti ya zauna sau goma sha tara,
shida daga ciki a kan shayi:
da madara ko babu, wa zai biya hayar kofuna.
Dokta Nilanthi ta ce taken taro ya yi tsawo,
Farfesa Ambalavanar ya ce gajeren take ba ya jawo tallafi.
Aka ƙara masa kalma huɗu, aka tashi.

Maƙala saba'in, masu tantancewa tara,
biyu shiru, kamar an aiki bawa garinsu.
Na rubuta "ina tuni" har yatsuna suka haddace.
Baƙon Osaka ba ya cin nama,
baƙuwar Pune ba ta cin albasa,
akwai wanda bai ce uffan ba,
shi nake tsoro.

Da asuba waya ta yi ƙara.
Ƙasa ta zabtaro kan layin dogo a Kadugannawa.
Babban mai jawabi na cikin jirgi, jirgi na tsaye,
maƙalarsa kan na'urar da ke hango ambaliya
tana cikin jaka, ruwa ya tsare su tare.
Muka ce to ya yi magana ta allo.
Allo ya yi fari fat:
birai sun kwana suna gwada haƙori
a kan wayar intanet ta bayan zaure.

Mutum ɗari biyu a kujera, ana duba agogo.
Na ji gumi na bin bayana har ƙugu.

Sai ga Piyasiri da tsani a kafaɗa,
shekara talatin da ɗaya a ɗakin gwaji,
rigarsa duk tabon dalma.
Yana sama yana ɗaure waya, aljihunsa ya yi tsuwa.
Ya duba, ya ce da kansa, "Mahaweli ya ƙaru da taƙi biyu."
Makirufo a buɗe yake. Kowa ya ji.

Wata ta ɗaga hannu daga layin gaba: ta ina ya sani?
Ya sauko matakala uku, ya tsaya a nan.
Bututun roba ne, in ji shi, da batirin tsohon babur,
da kwalbar zuma don kada raɓa ta shiga,
guda bakwai, a gindin gadoji,
tun shekarar da ruwa ya cinye ɗakin ƙanwarsa.
Tharushi, 'yar aji uku, tana fassarawa,
muryarta na rawa, sannan ta daina rawa.
Baƙon Osaka ya cika shafi biyu.
Farfesa ya manta da ƙararrawar da ke hannunsa.
Minti arba'in ana tambaya,
shi kuwa hannunsa ɗaya na riƙe da tsani.

Da aka fita shan iska na duba jerina.
Babu shi. Ni na tsara jerin.
Na yanki bayan kwalin biskit,
na rubuta sunansa da biro, na daidaita kowane harafi,
na cire igiyar wuyana na zura masa.

Ya juya shi gaba da baya,
ya ce igiya na maƙalewa a tsani,
ya sa a aljihu, kusa da wayar.
Ya tambaya ko shayi ya rage.

Ya rage. Marar madara.